Tsagen da Na Shafe

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka buɗe otal ɗin Alhaji Bawa a Argungu ba, kuma ko na so in manta, ɗalibaina ba za su bar ni ba. Har gobe in na juya baya ina rubutu a allo, sai wani shaƙiyyi daga ƙarshen aji ya maƙale murya irin ta tsofaffi ya ce, "Wanga wane na?" Aji ya kwashe da dariya. Da can nakan juyo in nemi mai laifi. Yanzu na daina, don na lura duk wanda na kama yau, gobe wasu biyu ne za su gaje shi.

Ni malamin zane ne a wata sakandare a Birnin Kebbi. Darasina shi ne wanda ake turawa can ƙarshen yini, lokacin da yunwa ta riga ta kwashe hankalin yara, kuma shi ake fara yankawa duk ranar da malamin lissafi ya ce lokaci bai ishe shi ba. Da la'asar kuma ina da 'yar rumfa a Nasarawa, jikin shagon Oga Emeka mai sayar da fenti, inda nake rubuta allunan shaguna. In ka taɓa ganin "Akwai Ƙanƙara" da hoton kwalba tana gumi, ko kawunan samari da aski iri-iri a ƙofar shagon aski, tsakanin Nasarawa da Badariya, to da wuya in ba hannuna ba ne. Na yi shekaru ina karatun zane, na san yadda haske ke sauka a kan kunci da yadda yake guduwa daga ƙarƙashin ido, amma duk abin da garin nan ya sani game da ni shi ne "mai fenti". Akwai wanda ya taɓa tare ni a ƙofar masallaci, bayan ya gama yi mini wa'azi cewa zanen mutum ba kyau, ya tambaye ni ko zan samu lokaci in shafe masa ɗaki da bayi kafin salla.

Burina kuwa ba wani babba ba ne. Ɗaki guda nake so, inda zan rataye zane-zanena, mutane su shigo su tsaya su duba, su ga sunana a ƙasa. Shi ke nan. Zane-zanen akwai su, jibge a ƙarƙashin gado da bayan sif a gidanmu na Badariya. Matata Hadiza tana jan su gefe in za ta yi shara, gara kuma tana duba su fiye da yadda wani ɗan Adam ya taɓa yi.

Ana nan sai ga Alhaji Bawa a rumfata. Mutumin wajen Argungu ne, yana da injinan casar shinkafa, kuma Allah ya buɗa masa buɗi na gaske. Allon sabon otal ɗinsa ya zo a rubuta masa, don ya ce sunan mahaifinsa, marigayi Malam Tanko, zai sa wa wurin. Muna cikin magana idonsa ya faɗa kan wani zane da na jingine a lungu, na wasu mata suna turara shinkafa, hayaƙi ya rufe rabin fuskokinsu. Ya tambayi wanda ya yi. Na ce ni ne, da irin muryar nan ta wanda ya daɗe yana jiran a tambaye shi.

Ya zaro wani ɗan hoto daga aljihu, bai fi kwalin ashana ba, mai baƙi da fari, gefensa duk ya cinye. "Ubana ke nan," in ji shi. "Shi kaɗai na hoton nai a duniya, wurin tsohuwa na amso shi. Ina son ka yi mani shi babba, wanda za a aje bakin zaure, kowa ya shigo ya gane shi. In ka yi shi yadda nika so, akwai ɗaki nan gehen zaure, na ba ka. Ka rataye kayanka, baƙi su gani."

Ban san lokacin da na durƙusa ba. (Oga Emeka ya rantse har ƙasa gwiwata ta kai. Ni dai na fi zaton sunkuyawa ce mai ɗan zurfi.)

Mutumin da ke cikin hoton baƙi ne siriri, da wata tsohuwar hula, idanunsa a ɗan tsuke irin na wanda ya ƙare rayuwarsa yana kallon rana a kan ruwa. Masunci ne daga wani ƙauye kusa da Gulma. Fuskarsa cike take da tsagen Kabawa, dogaye, sun sauko tun daga gefen kai suna neman kusurwar baki. Ina ganinsa na san na samu abin da na daɗe ina nema.

Ban taɓa yi wa wani aiki wahalar da na yi wa wannan ba. Duk Asabar sai in shiga mota zuwa Argungu, in zauna bakin gulbi ina kallon masunta, yadda kafaɗarsu take, yadda suke riƙe homa, wato ragarsu ta kamun kifi, yadda mutum kan kifa ciki a kan gora ya tafi da ita cikin ruwa. Suna ganina da takarda da fensir suka yanke cewa ma'aikacin gwamnati ne ya zo ƙidayar jirage, don haka aka daina yi mini magana sai gaisuwa. Ban damu ba. Na dawo gida na zana Malam Tanko a tsaye a bakin ruwa, homa a kafaɗa, gora a gefen ƙafa, rigarsa a jiƙe har ƙirji. Tsagen su suka fi cin lokacina, don kowane da yadda ya kwanta, wani ya warke sumul, wani ya ɗan karkace inda hannun wanzami ya yi rawa. Da na gama, na zauna a bakin gado ina kallonsa, na ji hawaye na neman zubo mini. A karon farko na san na iya.

Oga Emeka ya rufe shago ya biyo ni ya gani. Mutumin nan ya fi shekaruna na aiki daɗewa a garin, Hausarsa ta Kabi ta fi tawa nuna. Ya tsaya ya riƙe ƙugu ya ce, "Malam, wanga mutum saura kaɗan ya tambaye mu lahiyar gida." Hadiza ma, wadda ba ta taɓa ce wa zanena komai ba sai "ɗaga in share", ranar ta tsaya da tsintsiya a hannu ta daɗe tana kallo.

Sai Alhaji ya zo dubawa. Ya shigo ɗan falonmu, ƙamshin turarensa ya kori warin fenti, ya tsaya gaban zanen ya ƙura masa ido. Har yau ina da yaƙinin cewa a wannan ɗan lokacin ubansa ya gani, kuma abin ya taɓa shi. Amma ya yi gyaran murya, ya gyara hula.

"Aiki ya yi kyau, Malam. Amma ka san wa za su zo buɗewar ga?"

Na ce ban sani ba.

"Manya na, daga Abuja, daga Legas. Abokan kasuwanci. Ka hidda homar ga da gora. Ka sa mai babbar riga, ka naɗa mai rawani. Ruwan ga ma a sake shi, a sa kujera. Sannan tsagen ga, yanzu an bar yayinsu. Ka shahe su, ka ɗan haskaka shi."

Na tattaro ɗan ƙarfin halin da nake da shi na ce, "Ranka ya daɗe, ai tsagen su ne fuskar."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ni da kai wa ya san ubana?"

Wannan tambaya ba ta da amsa, ko kuma tana da ita amma ba a faɗa wa mai injin casa. Yana fita ya waiwayo daga bakin ƙofa ya ce ɗakin nan fa yana nan yana jirana, har an sa masa fanka.

Abin da ke ba ni haushi da mutanenmu ke nan. Duba alamar kowace ƙungiya a ƙasar Kabi, za ka ga kifi. Mun sa shi a riguna, mun sa shi a ƙofar gari, baƙo ya zo mu cika masa kunne da labarin giwan ruwa da jarumtar masunta. Amma da zarar mutum ya sayi mota ta biyu, sai ka ji ashe kakansa sarauta ya ƙi karɓa. Kowa na son kifin, ba mai son a ce ubansa ne ya jiƙe wajen kamo shi. Na faɗa wa Oga Emeka duk wannan da zafi, ina buga teburinsa. Ya bari na gama, sannan ya ce, "To ka ƙi mana." Na daina buga teburin. Ya miƙo mini gwangwanin farin fenti ya ce, "Kowa ya ci ladan kuturu, ka san sauran."

Mai hankali zai sayi sabon ƙyalle ya yi wa Alhaji abin da yake so, ya ajiye na farkon. Na yi tunanin haka. Amma ƙyalle mai wannan girman sai an aiko da shi daga nesa, ranar buɗewa ta matso, kafinta kuma ya riga ya haɗa firam. Na ce wa kaina ai gyara ne kawai, idanu da goshi suna nan. Sai na hau kan na farkon.

Da tsagen na fara, ina cike su ɗaya bayan ɗaya. Da suka tafi sai kumatun suka zama kamar an zuƙe su, don haka na ƙara musu tsoka. Da kumatu suka cika sai hancin ya yi musu ƙanƙanta, na faɗaɗa shi. Mai irin wannan kumatu kuma ba ya tsuke ido, don bai san rana ba, na buɗe idanun. Na haskaka fata. Kafin mako ya zagayo, abin da ya rage na Malam Tanko kunnuwansa ne kawai, su ma rawani ya zo ya rufe su. Hadiza ta shigo da tsintsiyarta ta duba ta ce, "Shi wancan bawan Allahn ina ka kai shi?"

Na ce, "Yana ciki."

Ta ce, "Allah ya fito da shi lafiya," ta ci gaba da shararta.

Ga inda abin ya fi ba ni kunya in na tuna. Ban tsaya a kan cewa dole ce ta sa ni ba. A'a, sai da na ƙirƙiro wa abin falsafa. Na shawo kan kaina cewa wannan shi ne zane mai zurfi, wai na zana mutumin da Malam Tanko zai zama da duniya ta yi masa adalci. Kullum ina kallon fuskar nan safe da yamma, ina gyara inuwar rawani, ina ce mata Malam Tanko, har ta zauna mini a kai cewa shi ne. Ɗan hoton ma direban Alhaji ya zo ya karɓe, ban ji na rasa komai ba. Na sa hannu a kusurwar ƙasa da manyan baƙaƙe, yadda ko mai ciwon ido zai karanta.

Ranar buɗewa na ɗinka sabuwar shadda. Na gayyaci shugaban makarantarmu da malamai, na kuma cika mota guda da ɗalibai, wai su zo su ga inda zane ke kai mutum. (Sun gani kuwa.) An kafa rumfuna a harabar otal, makaɗa na gefe, manyan baƙi a kujerun gaba suna ta danna waya. Can bakin rumfa, inda inuwa ta ƙare, wasu tsofaffin masunta ne abokan marigayi suke tsaye. Zanen yana bakin zaure a kan wani katako, an lulluɓe shi da farin ƙyalle. Tsarin shi ne wani babban baƙo daga Abuja zai yaye ƙyallen, amma kafin nan za a ba mai zane dama ya ce wani abu a taƙaice. Sanƙira ya kira ni da "mai hannun zinariya", ya ce ko a ƙasar waje sai an tona kafin a samu irina. Ban san shi ba, shi ma bai san ni ba, amma na yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Mutumin da ya shekara goma sha wani abu yana magana da yara masu hamma, ka ba shi lasifika gaban manya, ai ka san ba taƙaitawa. Na yi bayanin bambancin mai zane da mai ɗaukar hoto. Na ce na'ura fata kawai take gani, amma mai zane har zuci yake leƙawa. Na ce al'ummar da ba ta girmama masu fasaharta ba ta san fuskarta ba. (Wannan da shugaban makarantarmu nake, kuma na kalle shi don ya sani.) Na ce, "Duk wanda ya taɓa gaisawa da marigayi ko sau ɗaya, in aka yaye ƙyallen nan, zai ce ga Malam Tanko ya dawo." Aka yi tafi. Tafin nan shi ya ƙarasa ni.

Ina cikin jin daɗinsa idona ya kai ɓangaren mata, na hango wata 'yar tsohuwa ƙarama a kujerar gaba, an sa mata sabon leshi da ya tsaya mata ƙiƙam kamar ba a jikinta yake ba. Mahaifiyar Alhaji ce, an ɗauko ta daga ƙauye da safe. Sai wata dabara ta faɗo mini, irin wadda kan zo wa mutum in Allah ya tashi kama shi. Na ɗaga murya na ce, "Jama'a, da izinin babban baƙonmu, wa ya fi cancanta ya yaye ƙyallen nan in ba Inna ba, wadda ta yi zaman aure da marigayi har rai ya yi halinsa?"

Wuri ya ɗauki tafi da guɗa. Babban baƙo, wanda har ya fara miƙewa yana gyara riga, ya koma ya zauna yana gyaɗa kai irin na dattako. Alhaji ya yi mini wani kallo. A lokacin na ɗauka kallon godiya ne. Ba yadda zai yi ya hana uwarsa a gaban jama'a, kuma ni na ɗaure shi da bakina.

Wata mata ta kamo hannun Inna suka taho a hankali. Ta kama gefen ƙyallen da hannu biyu, ta yi bisimilla, ta ja. Makaɗa suka saki kiɗa, sanƙira ya shiga kirari, manyan baƙi suka ɗaga wayoyi. Inna ta tsaya tana kallo. Ta matsa kusa har hancinta ya kusa taɓa fentin, ta ja da baya, ta sa hannu ta kare ido. Ni kuwa, da na ga bakinta na motsi, na ce a raina ga kalaman da za a riƙa tunawa da ni da su. Na ɗaga wa makaɗa hannu su tsaya, na kai mata lasifika daidai baki.

"Wanga wane na?"

Har masu sayar da rake a bakin titi sun ji.

Na yi 'yar dariya na ce, "Inna, ai Malam ne."

"Wane malam?"

"Maigidanki, Inna. Marigayi."

Ta sake dubawa, tsakani da Allah, don ba ta so ta ƙaryata ni. Sannan ta girgiza kai. "A'a, ɗana. Wanga dai wani hakimi na, Allah shi ja zamaninai. Nawa Bakabe na, da tsagenai. Bai taɓa naɗa rawani ba. Ce mani anka yi in taho in ga Malam. Tun da yar rasu hoton nan guda nika kallo, shi ma an amshe." Ta juya ga matar da ke riƙe da ita. "Ko yana baya? A ɗauke wanga in gani."

Ta saki hannun matar, ta zagaya bayan katakon tana leƙawa.

Daga wajen tsofaffin masuntan dariyar ta fara. Ɗaya ya yi ƙoƙarin danne ta da hula, ta ƙwace masa. Daga nan ta bi rumfa rumfa, ta shiga ɓangaren mata, ta iso kan manyan baƙi, ɗalibaina kuwa har da masu riƙe ciki. Inna kaɗai ba ta dariya. Tana can baya tana shafa bayan ƙyallen zanen da tafin hannu. Ni kaɗai a duk wurin na san ba ta yi kuskure ba, yana nan ɗin, tsakanin hannunta da hakimin, da homarsa da jiƙaƙƙiyar rigarsa. Gumi ya jiƙa mini sabuwar shadda har ta manne a bayana.

Alhaji ya taso ya karɓe lasifikar daga hannuna, da murmushinsa. "Jama'a ku yi haƙuri," in ji shi. "Hoton mahaihina na ba shi, hannu da hannu, da tsagenai da komi. Inda ya samo wanga, Allah kaɗai ya sani. Laihina na, da na ɗauki aikin manya na ba mai hwentin shago." Aka sake kwashewa, wannan karon har da tafi. Sanƙiran da ya ba ni hannun zinariya ɗazu ya karɓe abinsa nan take, ya ce ai tun da ya ga tsayin jawabin ya san za a yi ɓari.

Kowa ya zuba mini ido. Ga dama ta samu. Magana ɗaya ce, in ce ranka ya daɗe kai ka ce a shafe, a falona, matata shaida ce. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "A gafarce ni, ranka ya daɗe, kuskure ne." Har da ɗan rusunawa. Zan so in ce kunya ce ta hana ni, ko tarbiyya, wai ba a ƙaryata babba a gaban baƙinsa. Gaskiyar ita ce daga inda nake tsaye ina hango ƙofar ɗakin nan na gefen zaure, da fankarsa tana juyawa, kuma wani sashe na zuciyata yana ce mini in na haɗiye wannan, wataƙila har yanzu da rabo. Kai, har sai da na bi shi lokacin cin abinci, na sunkuya kusa da kunnensa na ce, "Ranka ya daɗe, maganar ɗakin nan fa?" Bai ko daina tauna ba. Ya ce wa na kusa da shi a miƙo masa ruwa.

Duk wannan da sauƙi a kan abin da ya biyo baya. Ina tsaye a bakin ƙofa ina neman motar da za ta kwashe ni da ɗalibaina, sai ga Inna za a kai ta mota. Ta tsaya ta kama hannun rigata. Na ɗauka faɗa za ta yi, har na ji daɗi, don zagi ya fi mini sauƙi a lokacin. Sai ta ce, "Kak ka damu, ɗana. Ba ka san shi ba na. Da ka san shi da ba ka yi hakanga ba." Ta sa mini albarka ta wuce. Ni da na san karkacewar kowane tsage a fuskar mijinta, na tsaya ina cewa amin.

Washegari aka dawo mini da zanen a bayan a-kori-kura, tare da kujerun haya. Bidiyon da aka ɗauka a waya kuwa ya riga ni isa Birnin Kebbi. Ranar Litinin shugaban makaranta ya kira ni ofis, ya ce ya ji daɗin jawabina ƙwarai, musamman wajen al'ummar da ba ta san fuskarta ba, sannan ya sanar da ni an ba malamin lissafi ɗaya daga cikin darussana.

Bayan wata guda wani aiki ya kai ni Argungu, zuciya ta ce in leƙa. A bakin zauren otal ɗin, daidai inda aka yi abin, ga wani ƙaton hoto an buga da kwamfuta, yana ta sheƙi. Hakimina ne. Wani ya ɗauke shi a waya ranar, aka kai shagon buga hotuna aka fitar da shi, da rawaninsa da kumatunsa, an dai yanke kusurwar ƙasa inda sunana yake. Inna ta koma ƙauye, masuntan ba sa shiga otal, don haka ba mai sake tambayar ko wane ne. Na tarar da wasu baƙi biyu suna ɗaukar hoto a gabansa, ɗaya na ce wa ɗaya ai da ganin Alhaji ka san jinin sarauta ne. Ɗakin gefen zaure kuma an cika shi da katifu. Fankar tana nan tana yi musu fifita.

Na yi ƙoƙarin fito da Malam Tanko. Na sa kananzir da bakin wuƙa na fara kankare kunci ɗaya a hankali, da niyyar in ya fito in kai wa Inna har ƙauye. Amma fentin sama ya riga ya kama na ƙasa, duk inda na kankare sai su taso tare, ƙyalle ya bayyana fari. Na ce to bari in sake zana shi daga ka. Na gwada ya fi a ƙirga. Duk lokacin da na kai kan kumatu sai hannuna ya cika su da kansa, idanun su buɗe, hakimin ya leƙo. Hannun ya riƙe wanda aka ce ya yi, ya saki wanda ya gani. Wannan ya fi dariyar Argungu yi mini ciwo, kuma ba wanda zan kai wa ƙara. Zanen yana bayan sif yanzu, fuskarsa na kallon bango, gara ta fara duba shi.

In ka tambaye ni darasin da na koya, ba wani mai daraja ba ne. Na farko, in aka ba ka lasifika ka yi godiya ka zauna, baki shi ke yanka wuya. Na biyu kuwa sai a makon jiya na san na koye shi. Wani mai aski a Badariya ya ba ni aikin allo, kawuna da aski iri-iri kamar kullum. Ina cikin yi, ban san dalili ba, na sa wa ɗaya daga cikinsu tsagen Kabawa, kuma suka kwanta daidai, har da ɗan karkacewar nan. Mai askin ya zo ya gani ya ɓata fuska, ya ce samarin yanzu ba za su shiga shagon da ke da fuskar ƙauye a ƙofa ba, in shafe. Oga Emeka ya leƙo daga shagonsa yana jiran ya ga ko zan yi jawabi.

Ban yi ba. Na ce masa to, ya dawo gobe. Da ya tafi na jingine wancan allon a lungu da tsagensa, na ɗauko wani katakon.